Ina dattin masana'anta zai tafi? Fashin baƙi kan yankunan masana'antu masu kiyaye muhalli

Tafkin Hawasa da ke kudancin Habasha ba shi da wani kogi da ake gani yana fita daga cikinsa. Ruwa yana shiga, amma ba ya wucewa gaba, don haka duk abin da aka zuba masa yana nan tare da kifin da mutanen garin ke ci. A gefen wannan tafki ne gwamnatin Habasha ta gina babban yankin masana'antun tufafi, wanda Firaminista Hailemariam Desalegn ya buɗe a watan Yulin 2016, kimanin kilomita 275 daga Adis Ababa. Wani kamfanin gine-gine na ƙasar Sin ne ya yi aikin cikin ƙasa da shekara guda, a kan kuɗi kusan dala miliyan 250. Mai hankali zai ce ganganci ne a kai masaƙa da marina bakin tafkin da ba shi da mafita. Gwamnatin ta san da haka, shi ya sa ta ɗaure kanta da alƙawarin cewa ko ɗigon gurɓataccen ruwa ba zai bar harabar wurin ba.

Na fara da Hawasa ne saboda a can aka fi fito da wannan tunani fili a Afirka: cewa tsaftar muhalli tana iya zama ƙugiyar da za a kamo masu zuba jari da ita. Mun saba jin akasin haka. An daɗe ana gaya mana cewa mai kuɗi yana neman inda doka take da sako-sako ne, inda zai malalar da dattinsa a kwata ba mai ce masa uffan. Akwai masu irin wannan hali har gobe. Amma manyan kamfanonin da ke sayar da kaya a Turai da Amurka lissafinsu ya sauya, kuma yana da kyau mu fahimci dalili.

Ɗauki kamfanin PVH na Amurka, mai tambarin Calvin Klein da Tommy Hilfiger, wanda shi ne ya ja ragamar shiga Hawasa, har ya janyo masu yi masa ɗinki daga Indiya da Sirilanka da Sin da sauran ƙasashen Asiya. Kamfani irin wannan abin da ya fi tsoro shi ne a wayi gari hoton kogi ya koma shuɗi ko ja yana yawo a jaridu, an ce daga masana'antar da ke ɗinka masa riguna ne. Yana kuma tsoron kotu ta rufe masana'antar ana tsakiyar aikin odarsa. Wannan ba hasashe ba ne. A shekarar 2011 babbar kotun Madras ta ba da umarnin rufe marina fiye da 700 a garin Tiruppur na kudancin Indiya saboda sun kashe kogin Noyyal da gishiri da rini, manoma na kuka shekara da shekaru. Dubban ma'aikata suka zauna a gida, odoji suka watse. Duk mai jarin da ya ga wannan, idan ka ce masa ga fili, ga wuta, ga ruwa, kuma mun riga mun warware maka matsalar datti, ka sauke masa wani nauyi ne da kuɗinsa kaɗai ba zai sauke ba.

A nan ne asalin ma'anar abin take. Yankin masana'antu mai kiyaye muhalli ba shuke-shuken furanni a bakin ƙofa ba ne, ba kuma fentin kore a jikin katanga ba. Wuri ne da masana'antu da yawa suke tarayya a kan abubuwan da ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba: matatar gurɓataccen ruwa guda, tukunyar tururi guda, tashar wuta guda, wurin tara shara mai guba guda, da hukuma guda mai kula da su duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙaramar masana'anta mai ma'aikata ɗari ba za ta iya gina matata ta ɗauki injiniyoyin da za su kwana a kanta ba, amma masana'antu talatin idan suka haɗa dattinsu a bututu ɗaya, kuɗin tace kowace lita yana sauka sosai. Hukumar raya masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Jamus sun fitar da ƙa'idojin irin waɗannan wurare a 2017, suka sabunta su a 2021, kuma abin lura shi ne ba muhalli kaɗai suka duba ba. Sun sa yadda ake tafiyar da wurin, da halin ma'aikata, da ko wurin yana iya riƙe kansa da kuɗinsa.

Tushen tunanin ya fito ne daga wani ƙaramin gari na bakin teku a Denmak, Kalundborg, kuma ba wanda ya zauna ya tsara shi a takarda. A 1961 aka ja bututu daga tafkin Tissø zuwa matatar man garin domin a rage zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 1972 wani kamfanin allunan silin da bango, Gyproc, ya fara sayen iskar gas ɗin da matatar ke ƙonawa a banza. Daga baya tashar wutar Asnæs ta fara sayar da tururinta ga matatar da kamfanin magunguna na Novo Nordisk, ragowar zafin kuma aka riƙa ɗumama gidajen gari da shi. Da aka sa wa tashar na'urar cire sinadarin farar wuta daga hayaƙinta, abin da ya fito shi ne jifsam, wato ainihin abin da kamfanin alluna ke sayowa daga ƙasashen waje. Tokar tashar ta tafi wurin masu siminti. Kowace yarjejeniya a cikin waɗannan ciniki ce tsakanin mutum biyu da suka ga riba, ba taimako ba. Manajojin sun san juna, garin ƙarami ne, ana haɗuwa ana hira, sai wani ya gane abin da maƙwabcinsa ke biyan kuɗi a kwashe masa shi ne shi yake biyan kuɗi a kawo masa. An shafe shekaru da dama ana wannan kafin masana su zo su raɗa masa suna.

Darasin Kalundborg yana da daɗin ji, amma akwai wahala a cikinsa. Abin da ya tsiro a hankali cikin shekaru talatin bisa amana, gwamnatoci suna so su gina shi cikin shekara guda da umarni. Wani lokaci yana yiwuwa, wani lokaci a gina ginin a rasa ruhin.

Mu koma Hawasa mu ga yadda matatar take aiki, domin a nan kuɗin yake. Wani kamfanin Indiya na rukunin Arvind ne ya gina ta, da ƙarfin tace lita miliyan 11 a rana. Ruwan da ya fito daga masana'anta ana fara tsame masa tarkace, sai a kai shi manyan kwatarniyoyi inda ƙwayoyin halitta ke cinye dattin da ke ruɓewa. Daga nan a matsa shi da ƙarfi ta cikin wata irin tankaɗe mai ido ƙanana ƙwarai, wadda ko gishiri ba ya wucewa. Mafi yawan ruwan yana fitowa garau a mayar da shi masana'anta. Ragowar mai kauri, wanda duk gishiri da guba suka taru a cikinsa, shi ake dafawa har ya ƙafe, ya bar gishiri da busasshiyar laka. Wannan mataki na ƙarshe yana shan wuta kamar me. Habasha ta iya ɗaukar nauyinsa ne saboda kusan duk wutarta daga madatsun ruwa take samu, kuma tana cikin mafi araha a nahiyar. Ƙasar da ke dogaro da janareto da dizal idan ta kwafi wannan tsari ido rufe, za ta tsabtace ruwa ne ta hanyar gurɓata iska, a kan farashin da ba mai iya biya. Kuma ko bayan an gama, lakar nan mai guba tana nan tana jiran a san inda za a kai ta. Datti ba ya ɓacewa, kamanni yake sauyawa.

Shin dabarar ta yi aiki? Ta wani ɓangare ƙwarai kuwa. Rumfunan masana'antu 52 suka cika da kamfanoni, 'yan mata dubbai daga ƙauyukan Sidama, yankin da Hawasa take, da kewaye suka samu aikin albashi karon farko a rayuwarsu, adadin ma'aikata ya kai wajen 30,000. Amma burin da aka sa shi ne ma'aikata 60,000 da fitar da kayan dala biliyan ɗaya a shekara, kuma ba a je ko kusa da wannan kuɗi ba. Wani rahoto na Jami'ar New York a 2019 ya nuna albashin farko na masu ɗinki dala 26 ne a wata, mafi ƙanƙanta a duk ƙasashen da ke ɗinka wa duniya tufafi. An gina masana'antu ba a gina wa ma'aikata wurin kwana ba, sai 'yan mata huɗu ko biyar su haɗu a ɗaki ɗaya na haya a cikin gari. Da yawa suna barin aikin bayan 'yan watanni, a koma neman sababbi a sake koya musu. Wannan abu yana ci mini rai, domin an kashe miliyoyi a kare kifin tafki, wanda daidai ne, amma yarinyar da ke kan keken ɗinki awa takwas ba a yi mata irin wannan lissafin ba. Wurin da mutanensa ba sa iya zama a cikinsa bai cika sunan mai ɗorewa ba, komai tsabtar ruwansa.

Sannan siyasa ta zo ta yi nata. Babban abin da ya kawo kamfanonin, ban da wuta da arahar ƙwadago, shi ne tsarin AGOA, wanda a lokacin yake ba kayan Afirka damar shiga Amurka ba haraji. Saboda yaƙin yankin Tigray na arewacin ƙasar, Amurka ta cire Habasha daga tsarin daga ranar 1 ga Janairun 2022. Tun kafin ranar PVH ya sanar da rufe masana'antarsa, kuma dubban ma'aikata suka rasa aiki. Matatar ruwa tana nan, amma ba ta iya riƙe mai jarin da kasuwarsa ta rufe. Tsaftar muhalli tana ƙara wa wuri daraja a idon mai jari, sai dai tana zuwa ne a kan zaman lafiya, hanya zuwa tashar jiragen ruwa, da kasuwar da za a sayar. In babu waɗannan ba ta da abin tsayawa a kai.

Akwai misalin da ya fi kusa da mu ta fuskar sana'a, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. A birnin Daka na Bangaladash akwai unguwar Hazaribagh, matattarar masu jima, wadda ta shafe shekaru tana malalar da ruwan jima cikin kogin Buriganga. Tun 2003 gwamnati ta ƙaddamar da shirin mayar da su sabon yanki a Savar mai matata ta bai ɗaya. Aka yi ta jan ƙafa har 2017, lokacin da kotu ta sa aka yanke wa tsohuwar unguwar wuta da gas da ruwa, dole masana'antu sama da ɗari suka tashi. Suka isa Savar matatar ba ta kammala ba. Da aka gama ta kuma, ƙarfinta bai wuce lita miliyan 25 a rana ba, alhali bayan Babbar Sallah, lokacin da fatun layya ke kwararowa, ruwan da ke fitowa yana zarce haka nesa ba kusa ba. Rarar sai ta gangara kogin Dhaleshwari. Tarkacen fata da aske-askenta aka riƙa jibgewa a fili. Wato an kwashe cutar daga wani kogi an kai wa wani.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin darasin ga ɗan kasuwa. Manyan masu sayen fata na Turai suna neman takardar shaidar wata ƙungiya mai binciken masana'antun jima, Leather Working Group, wadda ke duba inda ruwa da shara ke tafiya. Masana'antar da ke Savar ko ta gyara cikin gidanta tsaf, matatar da take tarayya a kai tana ja mata baya. Saboda haka mafi yawansu suka kasa samun takardar, suka koma sayar da fatarsu da araha ga 'yan kasuwar Sin. Ƙasa mai ɗimbin fatu, amma wasu kamfanoninta masu ɗinka takalma don Turai sai sun shigo da fata daga waje. Matata mara aiki ba muhalli kaɗai ta cuta ba, ta karya farashin kayan kowa.

Duk wanda ya san Kano ya san dalilin da ya sa wannan labari ya taɓa ni. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya tun zamanin fatake, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take biyowa ta isa gare su. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke aiki. Masana'antun zamani da suka taru a Challawa da Sharaɗa da Bompai kuwa da gishirin kuromiyam mafi yawa suke jima, domin ya fi sauri kuma fatar ta fi laushi. Matsalar ita ce fata ba ta shanye kuromiyam ɗin duka, wajen kashi ɗaya cikin uku yana fita da ruwa, tare da gishiri, da farar ƙasa, da sinadarin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Jimar tan ɗaya na fata tana iya cin ruwa lita 30,000 ko fiye. Ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, ya nufi madatsar Wasai.

Ka bi bakin waɗannan rafuka da rani, da sassafe. Za ka ga ruwan baƙi-baƙi, wani wuri da kumfa a kansa, wari yana tarbarka tun daga nesa. A gefe ga mai lambu ya nannaɗe wando, ya jefa tiyo, injin ban-ruwa yana ta ƙara, yana kora ruwan cikin fangalin salak da alayyahu da kabeji. Ganyen ya yi kore shar, domin ruwan na ɗauke da taki. Ba mugunta yake yi ba, ruwan da yake da shi ke nan, kuma da shi yake ciyar da iyali. Da hantsi kayan sun isa kasuwa. Masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna ƙasa da ganyen waɗannan wurare suna samun ƙarafa masu guba fiye da ƙima. Doka kuma ba rasa ta aka yi ba: akwai dokar tantance illar ayyuka ga muhalli tun 1992, an kafa hukumar NESREA a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da masu jima. Amma ka je ka ce wa mai masana'antar da dizal ke cinye ribarsa ya kunna matata dare da rana shi kaɗai, alhali maƙwabcinsa bai kunna ba. Zai kunna ta ranar da masu duba-gari za su zo.

A ganina wannan shi ne dalili mafi ƙarfi na tsarin tarayya, kuma shi ya sa nake ganin gyara tsofaffin yankunanmu ya fi gaggawa a kan share sabon daji a kafa allo. Masana'antun suna nan, ma'aikata suna nan, ƙwarewar tana nan. Koriya ta Kudu haka ta yi tun daga 2005: maimakon gina sababbi, ta shiga tsofaffin yankuna irin na Ulsan tana nemo wanda ke zubar da tururi da wanda ke buƙatarsa, ta haɗa su da bututu. A wurin masu jima abu na farko mai sauƙi ne kuma sananne: a raba ruwan kuromiyam da sauran ruwa tun daga cikin masana'anta. Idan aka ware shi, ana iya sa masa sinadari kuromiyam ɗin ya kwanta, a tsame shi, a sake jima da shi. Sinadari ne da ake sayowa daga waje da dala, don haka maido shi riba ce. In kuwa aka bari ya cakuɗe da komai, duk lakar matatar ta zama guba, ba ta taki ba ta komai. Kitse da naman da ake kankarewa daga fata kafin jima suna iya zama iskar gas ta girki ko taki, aske-asken fata suna iya zama gam ko allon fata. Kowanne ƙaramar sana'a ce da wani matashi zai iya riƙewa.

Batun wuta ma ƙofa ta ɗan buɗe. A farkon 2023 aka ƙaddamar da tashar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso, kusa da masana'antun Challawa. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, wanda ke nufin yankin masana'antu zai iya samun mai ba shi wuta na kansa. Ana kuma jiran bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka fara a 2020. Megawat 10 ba zai ɗauki Challawa ba, kuma rana tana faɗuwa alhali matata ba ta barci, amma haɗin rana da gas ya fi janareto ɗari kowanne da hayaƙinsa.

Kasuwar waje kuma ba jiran mu take ba. Tarayyar Turai ta fara aiki da tsarin harajin hayaƙi a kan iyakarta a watan Oktoban 2023, da farko a matsayin ba da rahoto kawai, a kan ƙarfe, alminiyam, siminti, takin zamani da wasu kaɗan. Fata da tufafi ba sa ciki, amma alƙiblar a bayyane take: mai saye yana ƙara tambayar yadda aka yi kaya, ba kyansu kaɗai ba. Maƙwabciyarmu Benin ta karanci wannan, ta kafa yankin Glo-Djigbé kusa da Kwatano tare da kamfanin Arise, inda ake sarrafa audugar ƙasar har ta zama riga maimakon a fitar da ita ɗanya.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne bayan an yanke ƙyalle an tafi. Gina matata kwangila ce, kowa na son ta. Gudanar da ita kuwa hidima ce ta kullum: sinadarai, wuta, kayan gyara, albashin masu awo, har abada. Idan aka bar wannan a kasafin gwamnati, shekarar da kuɗi ya yi ƙaranci famfo zai tsaya, ba kuma mai gyara shi. Abin da ya fi ɗorewa shi ne kamfani na musamman ya riƙe wurin, masu masana'antu suna da hannun jari a ciki, kowa yana biya gwargwadon yawan ruwan da ya tura da kaurin dattinsa. Wanda ya rage datti kuɗinsa ya ragu. Wannan yana buƙatar mita a bakin bututun kowace masana'anta, da wata a inda ruwan ke fita daga matata zuwa rafi, a riƙa bayyana awon ga jama'a, domin mai lambun da ke ƙasa da mai sayen fata da ke Italiya su ga lamba ɗaya. Dole kuma a auna girman matatar da makonnin da ke bin Babbar Sallah, lokacin da fatu ke cika ko'ina, ba da watan da aiki ya yi sanyi ba. A nan Savar ta yi tuntuɓe, kuma kalandarmu da tasu ɗaya ce.